Bindigar Katakon Baba

Maraɗi, daren Talata, 1996

Gobe su Baba za su ɗauki ƙarshen fim ɗinsu a Tibiri: tsofaffi huɗu 'yan banga suna farautar ɓarayin awaki. Baba ne shugabansu, shi da sai an miƙa masa hannu yake tashi daga tabarma. Bindigarsa ce ta hana ni barci. Ta katako ce, amma ya goge ta da man takalmi har tana ƙyalli, kuma tun juyin mulki jandarmomin hanya ba sa tambaya sau biyu.

Na ce, "Baba, a saka ta cikin buhu mana."

Ya ce, "Mushe," yadda ɗalibaina ke kirana da Faransanci, "duk karatun naka, ka taɓa ganin jarumi da buhu?"

Gobe ɗalibaina sai su yi haƙuri, motar su Baba zan shiga. In an tsayar da mu, gara a samu mai jin Faransanci kusa da shi.