Kwana Bakwai da Kilo Ashirin

Molo, Iloilo
7 ga Janairu, 1998

Zuwa ga mijina Efren, a duk tekun da takardar nan ta riske shi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Nanay, mahaifiyarka, tana gaishe da autanta, ciwon gwiwarta ya yi sauƙi.

Yanzu ka zauna ka ji abin da alƙalaminka ya jawo mini. Mun yi da kai in kwantiraginka ya ƙare a watan Mayu, jirginku ya sauke ka a Sifen, zan taso in same ka mu yi kwana bakwai, mu biyu rak. Mako uku da ɗaurin aurenmu ka hau teku, idan ka manta. Na ce Sevilla, ka ce to. Sai ka zagaya ka rubuta wa mahaifiyarka cewa wataƙila mu leƙa Barcelona mu ga yayarka, Manang Pilar. Ka fi kowa sanin babu wataƙila a unguwar nan. Ranar Lahadi, kafin in sauko daga matakalar coci, mata biyar sun taya ni murnar zuwa Barcelona.

Tun ranar saƙo yake shigowa gidan nan. Ashe rabin matan Molo a Barcelona suke aiki, ban sani ba. Tiya Meding ta kawo busasshen kifi ƙunshi huɗu na 'yarta. Matar mai gyaran babur ta kawo kwalba biyu na daddawar jatan lande, ta rantse murfin ba ya yoyo. Yana yoyo. Wani tsoho da ban taɓa gani ba ya kawo curin kokon cakulan da hoton jikansa a cikin firam mai gilashi. Kowa da magana ɗaya: “Inday, yarinyata, ɗan abu ne, ba nauyi.” Ka kuma san ba a cewa a'a. Wanda ya ƙi ɗaukar saƙo, har jikokinsa sai an goranta musu.

Kilo ashirin kamfanin jirgi ya yarda in ɗauka. Na ari ma'aunin mai shinkafa na gwada, saƙon mutane ya kai sha huɗu. Jar rigar da na ɗinka tana rataye ba ta da wurin shiga. Ɗakinmu warin kifi yake, har littattafaina sun ɗauka. Jiya na kai daidai inda saurayi ya durƙusa wa budurwa a gindin bishiyar lemo, na juya shafi, sai kifi ya bugi hancina.

Littattafai huɗu na karanta da labarinsu ya faru a Sevilla. Lunguna ne ƙanana, da baranda cike da furanni, da lemo yana nuna a bakin titi, da keken doki mai kai masoya bakin kogi. Abin da ya fi duk wannan, ba mu san kowa ba a can, babu wanda ya san mu. A Barcelona kuwa kwanaki bakwai ɗin nan zan yi su ne ina hawa bene da jakar kifi ina duba adireshi.

Matar ofishin tikiti ta ce lallai in ba ta sunan gari ɗaya kafin sha biyu ga Maris ta wuce, don ta kama masauki ta haɗa takardun biza. Ka rubuta wa Nanay da hannunka ka ce Sevilla za mu. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance.

Taka har abada, duk da haka,
Mirasol

*

A cikin jirgi, tashar Singafo
24 ga Janairu

Inday Sol,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni, na karanta sau uku. Ina lafiya, injin ma lafiya, ban da famfon mai da ke ba mu wahala.

Duk garin da kika zaɓa ni ya yi mini. A wurina kowane gari ƙugiyar ɗaga kaya ce da kwantena da mai sayar da katin waya. Na duba taswirar kyaftin ko za mu raba kwanakin biyu, amma tsakanin garuruwan tafiyar yini guda ce a jirgin ƙasa.

Maganar rubuta wa Nanay, na ɗauki biro sau biyu na ajiye. Ina ɗan shekara sha bakwai Manang ta tafi, yau shekara tara. Ita ta tsaya mini har na gama makarantar jirgin ruwa. Ban san yadda zan tsara in ce na taka ƙasar da take ban je ba. Ke kin fi ni iya magana.

Akwai wani ɗan Sifen a ɗakin injinmu, ya ce lemon titin Sevilla ɗaci gare shi, ko akuya ba ta ci. Na ce bari in faɗa miki.

Ki naɗe kwalaben da leda biyu.

Naki,
Efren

*

Molo, Iloilo
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Manang Pilar, cikin girmamawa,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan Ubangiji yana kiyaye ki a wannan sanyi na ƙasar Turawa. Ni ce Mirasol, matar Efren. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma kullum ina ganinki a bangon falon Nanay, a hoton nan da kike tsaye kusa da fiyano, labulen zinariya a bayanki. Duk baƙon da ya shigo sai Nanay ta nuna masa, ta ce ga gidan da 'yarta take riƙe da makullansa.

Manang, kunya ta so ta hana ni rubutun nan, amma wuya ta kai wuya. Na nemi ƙaninki ya yanke magana tsakanin Sevilla da Barcelona, sai ya aiko mini da labarin famfon mai da na akuya. Ya ce duk wanda na zaɓa ya yi. Idan kin taɓa jin amsar da ta fi wannan ban haushi, ki faɗa mini.

Nanay ba ta taɓa cewa in je Barcelona ba. Da ta faɗa ma da na ji daɗi, don da na san da wa nake gardama. Ita dai duk wanda ya kawo saƙo sai ta ba shi kujera da kofi, ta rubuta sunan mai karɓa a jikin ƙunshin da kyakkyawan rubutu, ta ɗora a kan gadona. Yanzu kilo sha tara ne. A gefe guda nake kwana kamar baƙuwa.

Ba ƙin ganinki nake ba, Allah ya sani. Amma wata goma ke nan ina auren takarda. Kwana bakwai nake nema da mijina, in ga yadda yake tauna abinci, in san ko yana minshari. Ban yi tsammanin na roƙi abin da ya fi ƙarfin duniya ba.

Alfarmar da nake nema ita ce ki rubuta wa Nanay ki ce watan Mayu aiki ya yi miki yawa, ba za ki samu sukunin baƙi ba. Daga bakinki za ta karɓa. Mai kula da gida irin wannan ai ba a rasa ta da hidima. In kin yi mini haka, zan kunna miki kyandir a kowace cocin da na shiga a Sevilla.

Ƙanwarki mai biyayya,
Mirasol

*

Barcelona
23 ga Fabrairu

Mirasol,

Na gaishe ki. Kin cika shafi uku da abin da layi biyu zai ɗauka.

Ku tafi Sevilla. Na rubuta wa Nanay yau, takardarta da taki tare za su iso. Ki riƙe kyandir ɗinki.

Zan faɗa miki dalilina don kada tausayi ya kama ki daga baya ki sauya, na ga alamar ke mai saurin kuka ce. Tsohuwa mai fiyano ta mutu shekara uku da suka wuce, 'ya'yanta sun sayar da gidan. Yanzu gidaje huɗu nake sharewa, kowanne da awanninsa, da matakalar wani bene ranar Asabar. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, gado biyu, kowanne da na sama da na ƙasa. Ban da lafiya ba abin da nake da shi, ita ma hannuwana sun fara gardama da ruwan sanyi.

Kifin ba ya damuna, da ya zo da mun cinye shi a yini ɗaya. Amma kin san al'adarmu: wanda ya kai saƙo shi ke komowa da labari. Ranar da kika sauka Molo za su cika falon Nanay su zaunar da ke a tsakiya. Ta yi ƙiba ko ta rame? Ɗakinta nawa? Me ta dafa muku? 'Yar Tiya Meding da ake aiko wa kifi, a gadon da ke samana take kwana. Mu nan mun daɗe da yin shawara, kowa tana rufa wa kowa asiri, in za a ɗauki hoto a ari falon uwar ɗaki. Ke kuwa ido biyu gare ki da baki mai shafi uku.

Ƙanina Toto Efren kuma ba na son ya hau benen nan. Na san fuskar da zai yi.

Ki je ki ga lemonki. Ki ƙona takardar nan, kada ki sa ta a cikin littafi.

Pilar

*

Molo, Iloilo
12 ga Maris

Manang,

Ina gaishe ki, amma a taƙaice, tunda kin ce ina da surutu.

Ban taɓa ganin dangi irin naku ba. Ɗaya ya ce duk abin da na zaɓa, ɗaya ba ta cewa komai, ɗaya ta ba ni abin da na roƙa ta hanyar da ba zan iya haɗiye shi ba.

Nanay ta karanta takardarki a tsaye, ta ninke, ta ce ai gaskiya ne, babban gida sai da hidima. Washegari ta ɗauki kwando, da gwiwar nan tata, ta bi gida gida tana mayar wa mutane saƙonsu, tana ba su haƙuri a madadina. Kafin azahar gadona ya zama fili. Na buɗe tagogi, na ninke jar rigata na sa a akwati, ta kwanta ita kaɗai kamar sarauniya. Na zauna ina jiran in ji daɗi.

Da yamma ta shigo ɗaukar nata saƙon. Ashe kaset ne guda ɗaya da ta yi miki magana a ciki, yana ƙarƙashin kifin mutane tun Janairu ban lura ba. Ta ce wannan ko ta gidan waya zai je. Har ta kai ƙofa ta juyo.

“Da ma so na yi ki kama mini damtsenta ki ji,” ta ce. “Hoton nan ya daɗe. Duk shekara shi take sake aikowa, ta ɗauka ban gane labulen ba.”

Kin ji wadda kike ɓoye wa.

Yau da safe na je ofishin tikiti da Sevilla a bakina. Na yi ta maimaita shi a cikin mota. Matar ta ɗaga biro ta ce wanne, na ji bakina ya ce Barcelona. Har ta tambaye ni ko lafiya, don na faɗe shi kamar zagi. Ta riga ta buga, ba a sauyawa, saboda haka kada ki ɓata kan sarkinki.

Ga sharaɗina. Kwana biyu na rabon saƙo ne, kuma ke za ki raka ni, ba zan ɓata a garin mutane da daddawa a hannu ba. Kwana ɗaya naki ne da ƙaninki, a duk inda kika ga dama, ba sai mun hau benenku ba. Kwana huɗun da suka rage, ko gobara ake kada wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. In na dawo, matan Molo ki bar ni da su. Na karanta littattafai sun fi ɗari uku, zan yi musu awa biyu a kan furannin baranda har su manta abin da suka tambaya. Nanay kuwa abin da hannuna ya ji zan faɗa mata, sauran ke za ki faɗa da bakinki.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da kifin Tiya Meding a kan gado, ya zama ƙunshi shida.

Ƙanwarki, cikin fushi,
Mirasol

*

Barcelona
27 ga Maris

Inday,

Na gaishe ki, ki gaishe da Nanay.

Taurin kanki ya fi na Toto, ban san inda ya samo ki ba. Na roƙi hutun kwana uku a gidajen duka huɗu, biyu sun yarda, biyun kuma su sha ƙurarsu.

Ki zo da rigar sanyi, safiyar Mayu tana yaudara. Zan tsaya a ƙofar fitowa, hannun dama. Ki gargaɗi mijinki tun a hanya kada ya tsaya neman mai baƙin gashi. In kun ga wata gajeriya mai furfura tana harararku, ni ce.

Manang