Rana Ta Ɓuya Bayan Dutse

Zuwa ga ƙanwata Sadiyatu,

Assalamu alaikum. Ya jikoki da mutanen Gawon Nama?

Ina lafiya, sai ɗan tari. Ɗana Junaidu yana ƙoƙari, kuma otal ɗin da yake aiki a duwatsun Turai akwai ɗumi. Baƙi kan yini suna zamiya a dusar ƙanƙara, su dawo su ci narkakken cuku, kiɗa ya tashi. Ni kuwa zagaye ɗaki kawai nake yi.

Ina azumin Litinin, rana ta ɓuya bayan dutse, na sha ruwa. Ashe magariba da saura! Babu ladan a garin da zai tsayar da ni.

Junaidu yana jin maganarki. Don Allah ki ce ya maido ni gida kafin watan azumi ya kama.

Yayanki,
Haruna