Kujera ta Takwas a Motar Gabis

Madanin, 3 ga Maris

Zuwa ga yayana Munzir, jakadan gidanmu a birnin Falermo,

Bayan gaisuwa mai nauyi irin wadda ta dace da manya, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Turawa bai daskarar da ƙwaƙwalwarka ba. Ummi tana gaishe ka. Ciwon idon Baba yana nan yadda ka bar shi.

Ina sanar da kai cikin alfahari cewa gwamnati, bayan ta kayar da ni sau huɗu bisa zalunci, ta amince da hazaƙata, ta damƙa mini lasisin tuƙin haya. Motar Baba, wadda ta shekara tana kiwon kaji a ƙarƙashinta, ta koma hanyar Gabis, gidanmu ya sake samun abin dogaro. Ummi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka zaci aure na yi.

Sai dai shugaban tasha, Ammi Balgasim, ya tara mu. Ya ce saboda baƙin hauren da ke ratsowa zuwa teku, an tsaurara bincike a shingaye: wanda aka kama da fasinja marar katin shaida, lasisinsa ya tafi. "Kai Farfesa," in ji shi, "in ka ga baƙar fata, tambayi kati kafin gaisuwa." Na sara masa kamar soja.

Ƙaninka, Babban Kwamandan Sitiyari,
Wajdi

Madanin, 19 ga Afrilu

Yaya Munzir,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, a jiki.

Ka san mota ba ta tashi sai kujeru takwas sun cika. Ran Talata muna da bakwai, rana ta take, fasinjoji suna tsine wa na takwas tun bai zo ba. Sai ga Dada Mabruka, baƙar fatar nan tamu, wadda ta shayar da ni da kai lokacin da Ummi ke kwance. Likitan ido ya ba ta rana a Gabis, wata huɗu tana jira. Ta zauna, ta ja kunnena, ta ce, "Ɗan nema, yau zan ga ko nonona ya yi amfani."

Aka yi dariya. Ammi Balgasim bai yi ba. Ya tsaya yana kallona.

Na ce, cikin muryar hukuma, wai don abin ya zama wasa, "Ranki ya daɗe, a gabatar da katin shaida."

Ta lalube jakarta. Katin yana gida, a ɗaya rigar. Shekara saba'in ba wanda ya taɓa tambayarta. Wani mai jaka ya ce, "Malam, muna da uzuri." Na tuna shinge biyu da ke gabanmu, na tuna idon Baba. Ni na san kakanninta sun riga kwalta zuwa garin nan, amma masu shinge ba su sha nononta ba.

Ta ce, "Wajdi, ni kake tambaya ko ni wace ce?"

Da kaina na sauke mata ƙunshinta. Wani ɗalibi ya cike kujerar. A shingayen nan biyu, hannu kawai suka ɗaga mana, ba wanda ya leƙa.

Ranar likita ta wuce ta. Sai watan Agusta, in idon ya jira.

Jiya na je gidanta da dabino. Ta shimfiɗa mini kilishin baƙi, wanda take dukanmu in mun taka. Ta kawo shayi a kofin baƙi. Kusa da kofin, a kan faranti, ta ajiye katinta, ta ce, "Duba da kyau, Sidi, yallaɓai direba."

Don Allah ka kira ta. Kai har yanzu tana kiran sunanka.

Ƙaninka,
Wajdi