Tsakuwa Ashirin da Ɗaya

Litinin, 11 ga Zulhajji 1363, Mina

Shekara uku ke nan da ruwan da ya cika Harami har aka yi ɗawafi da iyo. Duk abin da ya sami mutanenmu tun hanyar Sudan yana kaina, suna da suna. Karatu ban yi ba, ajamin nan ma kamar sawun kaza, amma kaina bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Yau wajen jifan Shaiɗan dutse ya fasa idon Abdulganiyyu mai ɗebo mana ruwa. Sabo mijin 'yata Asiya ne ya jefa. Gwiwa ta hana ni zuwa, shi na wakilta ya jefa nawa bayan nasa.

Talata, 12 ga wata

Idon ya tafi. Mun sauko Makka.

Alhamis, 14 ga wata

Shatu matar Abdulganiyyu ta tsaya bakin zaurenmu a unguwar Masfala tana kuka, wai wace irin ibada ce ake tara mutane a ba su duwatsu. Dattawa suka yi ta ba ta haƙuri: ƙaddara ce, a hanyar Allah ya rasa shi, Aljanna zai tarar da abinsa. Na ce duk ku biyun kun kauce. Addini cewa ya yi tsakuwa kamar ƙwayar wake. Bai ce ka ɗauki abin fasa goriba ba. Hannu ne ya zaɓa, hannun kuma da mai shi.

Ban sassauta murya ba. Sabo na zaune, kansa ƙasa.

Juma'a, 15 ga wata

An aiko mini da roƙo, wai idan alhazan Kano masu komawa suka zo ɗaukar labarin 'yan'uwa, in ce "dutse ya same shi" kawai. Dutse ba ya tashi da kansa. Shekara arba'in ban rage wa labari ko gashi ba, ba zan fara don suruki ba. Sunan Sabo zai je Kano tare da idon.

Asiya ta kawo tuwo, ba ta gaishe ni ba.

Lahadi, 17 ga wata

Sabo ya je neman gafara sau biyu, Shatu ta hana shi shiga. Daidai ne. Abin da ya ɗan tsaya mini: bai taɓa kare kansa ba, ko da kalma. Sabon da ke musu da mai rakumi kan tsawon igiya.

Laraba, 20 ga wata

Da hantsi Asiya ta shigo da jakar fatata da na ba Sabo a Mina. Ta zazzage ta kan tabarma. Tsakuwa saba'in na tsinta a Muzdalifa da hannuna, ashirin da ɗaya suka rage tunda ba mu tsaya jifan ranar goma sha uku ba. Ta kwance bakin zane, ta ajiye ƙwayar wake ɗaya a gefensu.

Ta ce, "Baba, nasa jifan ya gama lafiya. Wanda ya fasa idon na cikin jakar nan ne, na huɗu."

Ta fita.

To, ni dai tun ina da ƙarfi haka nake tsinta, kowa ya sani, har alfahari nake wai Shaiɗan ya san zuwana. Na ɗauki mafi ƙanƙanta na gwada. Ta yi waken biyar.

Maganata tana nan, ban janye ba: addini ba shi da laifi, hannu ne ya zaɓa.

Alhazan Kano sai jibi. Gobe in na idar da asuba zan ɗauki jakar da sandata in tafi gidan Abdulganiyyu. Sabo ba sai ya raka ni ba.