Kwalekwalen Baba a Ƙarƙashin Ruwa

Daren Alhamis, Wara

Jibi zan bar ƙasar nan, in koma Malesiya wurin aikin koyarwar da na samu. Na gama rabon kayana, saura kwalekwalen marigayi Baba da na yi wa Kawu alkawari. Da la'asar muka je bakin ruwa in damƙa mashi, sai muka tarar wayam. Har na fara faɗa wai an sace, sai Kawu ya nuna mani shi can ƙarƙashin ruwa, cike da duwatsu.

Ashe Inna ta sa aka nutsar da shi. Haka ake yi wa jirgin wanda ya yi tafiya, don kada rana ta tsaga katakon kafin ya dawo.

Na ce, "Inna, na fa gaya maki zama zan je yi, ba ziyara ba."

Ta ce, "Na ji. Kai ka yi zamanka, shi ma ya yi nashi."

Wallahi na rasa gane mata. Ita ce fa kullum ke cewa in tafi, kada in waiwaya, amma ga shi ta aje mani jirgi kamar zan dawo. Kawu na tsaye yana jiran in ce a fiddo. Duwatsu ne kawai, mutum guda zai kwashe su. To me ya hana bakina buɗewa?