Makullin gidanku da ragon sunan Tanko

Zuwa ga ƙawata Ngozi, a duk inda take.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da Baba da ƙannenki. Ni ce Hajara ta Tudun Ƙofa, wadda kike kira Ajara. Ban san adireshinki ba, shi ya sa na ba jarida wannan wasiƙa. Kin san ni da kunya, ko a aji ba na ɗaga hannu, to ki san ba ƙaramin abu ne ya sa ni magana a gaban jama'a ba.

Maganar gidanku ce. Tun da arzikin mai ya zo, Keffi sai gine-gine. Wani ɗan kwangila ya ƙyalla ido a kan gidan, wai zai rushe ya yi gidan mai tunda bakin titi ne. A ofis an ce masa in masu shi ba su bayyana ba kafin ƙarshen damina, an ɗauka ba shi da kowa. Makullin kuwa yana wuyan Baba Sarkin Baka, shugaban maharban unguwarmu, cikin layunsa, tun ranar da babanki ya danƙa masa.

Kin tuna ranar? Muna 'yar gala-gala a ƙofar gida aka ce wasu baƙi sun sauka a tasha da sanduna, suna tambayar gidajen mutanenku. Aka ruga wurin 'yan sanda, aka tarar su kaɗan ne, gari kuma da faɗi.

Innata ce ta jawo ku cikin gidanmu. Ta ce, “Yau suna muke yi. In ga namijin da zai keta cikin mata!” Kafin a ce me, matan unguwa sun fito da turame, sai lugude, sai guɗa. Babanki aka tura shi rumbun dawa. Mama aka yafa mata mayafi ta zama mai jego. Ƙaninki kuwa ya kusa fara zama, ƙato da shi, Inna ta naɗe shi a zane tana cewa, “Kai, yi kukan jarirai mana!” Shi kuma sai dariya.

Maharba suka cika zaure da bindigogin toka, suna cin goro kamar ba komai. Da baƙin suka iso, babbansu ya leƙa ya ce wane irin suna ne wannan ba rago? Ni da ke muna bayan ƙyaure, an ƙunsa mana lalle, ina jin bugun zuciyarki a kafaɗata.

Sai Ardo, wanda matarsa ke kawo mana nono, ya tsaya gaisuwa da ragon da zai kai kasuwa. Ya miƙa igiya kawai ya ce, “Ga shi, Liman muke jira.” Liman ya zo, aka raɗa masa zancen, ya ce shi ba ya addu'ar wasa. Ya ɗaga hannu ya yi wa yaron addu'a ta gaske, aka yanka rago, har baƙin ma suka shafa. Inna ta ce tunda mata ya biyo, sunansa Tanko.

Washegari Ardo ya sa ku tsakiyar shanunsa, ya bi burtali da ku har inda mota ta ɗauke ku. Ko sallama ba mu yi ba. Jan lallen hannunki kawai na hango.

Ngozi, yanzu na zama mayyar littattafan soyayya na Turanci, ina ɓoye su cikin littafin lissafi. Kullum wani dogon saurayi ne ke zuwa ceto. In na rufe ido zan sa masa fuska, sai in ga Baba Sarkin Baka da haƙoran goro. Haushi ya kama ni, in yi ta dariya ni kaɗai.

Lokacin yaƙin basasa mun ji a rediyo jiragen coci-coci da masu agaji na kai wa yara madara da busasshen kifi. Inna ta daina tankaɗe ta ce, “Allah sa Tankona ya samu.” Har yau ba mu san ko ya samu ba.

Baba Sarkin Baka ya tsufa, Ngozi. Kullum da safe yana zaune a ƙofarku, ƙarƙashin lemon nan da muke sata. Masu awon fili sun zo, ya ce musu, “Amana ce, in mai ita ya zo ku tambaye shi.” Sun koma. Amma takardar ofis ba ta tsoron laya, damina kuma ta yi nisa.

Ki gaya wa babanki ya zo, ko ya aiko wani. In babu hali, ki rubuto ko layi ɗaya, mu sami abin nunawa. Duk kuma wanda ya karanta wannan ya san Baban Ngozi mai kayan keke na Keffi, don Allah ya isar.

Allah ya sa kuna raye, ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Fatar ragon nan Inna ta sa an jeme ta, ta rataye a ɗaki. Ko Liman ta hana zama a kai. Ta ce sai Tanko ya zo.

Taki har kullum,
Ajara