Muryar matata da na ɓoye a cikin kwamfuta

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Dattijo ne ke rubuto muku daga Gwandu, ku sakaya sunana. Ina roƙo ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don wanda nake yanke wa kaina ma ya hana ni sakat.

Na yi rayuwata ina tafinta tsakanin 'yan kasuwa, daga tashar jirgin ruwan Kwatano zuwa Lome, Kumasi da Jidda. Ina jin Faransanci, Larabci, Turanci da Fillanci, kuma abin da ake yabona da shi shi ne ba na ƙari ba na ragi a maganar mutum. Matata Bafulatana ce 'yar Wurogauri, amma 'ya'yanmu a Legas suka tashi, ba sa jin Fillanci. Tana da yaya guda, wadda yaran ke kira Yafendo, ita kuma take kiranta Adda. Shekarun baya a wani taron suna Yafendo ta ce da ni a gaban jama'a, "Kai ai baƙo ne a gidanka." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na rantse ba za ta ƙara taka gidana ba, matata kuma ba za ta je nata ba.

Bara ɓarin jikin matata ya shanye, Hausa ta ɓace daga bakinta, sai Fillancin ƙuruciya. Ɗiyata Halima, malamar makaranta a Kalgo, tana ɗaukar ta bidiyo da waya. Wata rana da hantsi, Halima na cikin ɗauka, matata ta kama hannuna ta ce da Fillanci, "Ka janye rantsuwarka, ka kira mini Adda in gan ta." Halima ta ce, "Baba, me ta ce? Na ji kamar ta ambaci Adda." Na ce, "Ƙuruciya take tunowa. Cewa ta yi ku yi mata addu'a." Na manta magana ce ta gagari matata, amma tana jin Hausa sarai. Ta saki hannuna, ta juya fuskarta bango. Bayan 'yan kwanaki ta rasu. Da Yafendo ta zo gaisuwa ta tambaye ni ko ta ambace ta, na ce ai ba ta iya magana.

Halima ta juye bidiyoyin a kwamfutata saboda wayarta ta cika, daga baya wayar ta lalace. Na so in goge su, hannuna ya ƙi. Ta yaya zan goge muryarta? Sai na ɓoye jakar da suke ciki, yadda na ga ana ɓoye kaya ƙarƙashin daɓen mota a iyakar Seme: mota a buɗe, ido bai ga komai, amma nauyi na nan. Na ce wa Halima bairas ne ya cinye su.

To nauyin ne ya tona ni. Ta duba ta ce, "Baba, ai wurin da suka ci bai dawo ba. Suna ciki, ɓuya suka yi." Ta sauko da wata manhaja mai fito da ɓoyayyun fayiloli. Karon farko garkuwar kwamfutar ta tare ta, na yi hamdala a zuci, Allah ya yafe mini. Ta kashe garkuwar ta sake gwadawa, manhajar ta tsaya a tsakiya, ta cire ta sake sakawa. Sai ga sunan jakar ya bayyana dishi-dishi, kamar fuskar mutum a ƙasan ruwa, amma ta ƙi buɗuwa sai da lambar sirrin mai kwamfuta. Ta ce, "Baba, lambar fa?" Na ce tsufa ya tafi da ita. Ta yi dariya ta ce, "Mai harshe biyar ne zai manta kalma ɗaya?" Lambar kuwa sunan mahaifiyarta ne.

Da ta koma Kalgo na buɗe na kalla. Na zauna gaban alƙalai da jami'an kwastan a ƙasashe da dama, ban taɓa jin muryar da ta tsorata ni kamar tawa ba. A natse take, ba ko gargada. Yanzu ko alwala nake yi sai in ji sakin hannun nan a tafina. Wane irin tafinta ne ke cin amanar mai bakin mutuwa? Su da ban sani ba na riƙe musu amana, ita da ta jira ni shekara da shekaru fa?

Yafendo yanzu ba ta gani, jikinta kuma ya yi nisa. Ta aiko cewa ba ta son komai sai ta ji muryar ƙanwarta. Halima ta yi mata alkawari, kuma ranar Asabar za ta kai kwamfutar wurin mai gyara a Birnin Kebbi. In an buɗe, tsohuwar za ta ji an kira ta, ta kuma ji wanda ya hana. In na goge kafin nan, za ta tafi kabari da zaton 'yar'uwarta ba ta neme ta ba, Halima kuma ta rasa muryar uwarta har abada. In na faɗa da bakina, ban san da wane ido ɗiyata za ta ƙara duba na ba.

Kwamfutar na gabana, na san lambar. Jama'a, me zan yi?